Ina Waya Ta Tsinke? Tarihin Neman Aibi A Layin Da Ido Ba Ya Gani

A ƙarshen watan Yulin 2009 wata waya mai suna SAT-3, wadda ke kwance a ƙarƙashin teku tun daga Fotugal har Afirka ta Kudu, ta samu matsala a reshenta da ya ɓullo Kwatano. Nijar ba ta da teku, ko gaɓarsa ba ma gani, amma a lokacin ta wannan ƙofa intanet ɗin ƙasar yake shigowa, ya biyo ta Gaya da Doso ya iso Yamai. Sai ga Benin da Togo da Nijar sun wayi gari shiru, Najeriya kuma ta rasa kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin layinta. Bayan shekara 15 abin ya sake faruwa, har ya fi na da. Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, ana farkon azumi, wayoyi huɗu, wato WACS da ACE da MainOne da ita SAT-3 ɗin, suka lalace kusan lokaci guda a tekun Kwaddibuwa. Bankuna suka tsaya, masu aika kuɗi suka zauna jiran tsammani, daga Monrobiya har Maraɗi.

Kowa ya yi ƙorafi, kuma da gaskiyarsa. Tambayar da ban ji ana yi ba ita ce wadda ta fi ba ni sha'awa. Ta yaya mutum yana zaune a ofis a Abijan ko Legas zai ce ga wurin da waya ta tsinke, alhali tana ƙarƙashin ruwa mai zurfin kilomita 3, ba wanda ya nutsa ya gani? Amsar tana da tarihi na shekara fiye da 160, kuma lissafin da ke cikinta bai fi ƙarfin yaron da ke shirin jarrabawar BEPC ba. Shi ya sa nake so malamai da iyaye su biyo ni.

Mu nan Gabi ba mu da talabijin da ke zuwa gida-gida ta waya kamar na manyan biranen duniya. Abin da muka sani faranti ne a kan rufi, da gidan kallon ƙwallo mai janareto, da salula a aljihu. Amma kada wannan ya ruɗe mu. Dogon ƙarfen sadarwa da ke ba mu rezo yana miƙa abin da ya karɓa ga wani ƙarfen, wannan ma ya miƙa gaba, har saƙon ya faɗa cikin zaren gilashin da aka binne a gefen babban titin da ya haɗa Yamai da Ƙonni da Maraɗi da Damagaram. Muryar ɗanka da ke ci-rani a Libiya, da kuɗin da ya aiko, da sakamakon jarrabawar ƙanwarsa, duk ta cikin wannan zare suke bi. In ya tsinke a wani ƙauyen da ba ka taɓa jin sunansa ba, kai ne za ka ɗaga salula sama kana neman sanda ɗaya.

Da ƙafa aka fara. A 1886 wayar teku ta haɗa Legas da Landan, kuma da Turawa suka ci ƙasar Hausa a farkon ƙarni na 20, wayar tangaraho na cikin abubuwan farko da suka ja. Ingilishi suka kai ta Lakwaja da Zungeru da Kano, Faransawa suka haɗa Damagaram da Yamai. Daga nan muka samu kalmar gidan waya, wadda har yau ba ta mutu ba. Waya ce tsirara a kan turaku, tana ratsa daji na kwanaki, kuma maƙiyanta suna da yawa. Gara na cin turken itace, gobarar daji na ƙona shi, guguwar farkon damina na kayar da bishiya a kan layi, ga kuma mai neman jan ƙarfen da zai kai wa maƙeri. In layi ya mutu sai a tashi ma'aikaci, a ƙafa ko a kan doki, ya bi turaku ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga kai. Ma'aikaci mai wayo ba ya farawa daga turken farko. Sai ya je tsakiyar layin, ya hau, ya gwada gabas ya gwada yamma. Ɓangaren da ya amsa lafiyarsa lau, sai ya bar shi, ya je tsakiyar ɓangaren da ya yi shiru ya sake gwadawa. Layin kilomita 64, gwaji shida ya isa a rage shi zuwa kilomita ɗaya: 32, 16, 8, 4, 2, 1. Wannan dabara ta raba biyu har yau da ita masu rubuta manhajar kwamfuta ke neman abu a cikin jeri mai tsawo, kuma na ga yara 'yan aji shida sun gane ta cikin minti goma in aka yi musu ita da wasan "ka-cinci lambar da na riƙe".

Teku kuwa ba a bin ta da doki. Nan ne tilas ta sa aka koyi auna abin da ba a gani.

Ranar 5 ga Agusta 1858 aka gama shimfiɗa wayar farko tsakanin Ailan da Niyufanlan, ta ratsa Tekun Atlantika. Aka yi ta shagali. Saƙon Sarauniya Victoria zuwa ga shugaban Amurka James Buchanan, kalma 98 kacal, ya ɗauki kusan awa 16 kafin ya gama wucewa. Babban ma'aikacin lantarki na kamfanin, Wildman Whitehouse, wanda asalinsa likita ne, ya ga saƙo na tafiyar hawainiya sai ya ɗauka ƙarin ƙarfi ne magani. Ya tura wa wayar lantarkin da ya kai wajen folt 2,000. Dama rigar da aka naɗe ta da ita ba ta da ƙwari, sai ta ƙarasa hujewa. Cikin makonni kaɗan waya ta mutu murus, dukiya mai yawa ta zauna a gindin teku. Gwamnatin Ingila da kamfanin suka kafa kwamitin bincike, ya fitar da rahoto a 1861, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da aka gano shi ne ana aiki ba tare da ma'auni tsayayye ba. Kowane injiniya da irin mudunsa. A wannan shekara aka kafa wani kwamitin masana, da William Thomson a ciki, wanda daga baya aka sani da Lord Kelvin, domin a tsayar da ma'aunin turjiyar waya ga lantarki. Daga aikinsu aka samu om, wannan ma'aunin da malaman fizik ke rubutawa a allo yara suna hamma. Asararriyar wayar 1858 ce ta haife shi.

Da aka samu mudu ɗaya, sai lissafi ya yiwu. Waya tana turje wa lantarki gwargwadon tsawonta. A ce kowane kilomita na wata waya yana da turjiyar om 10. Ta huje a wani wuri, lantarki na zurarewa cikin ƙasa ko ruwa. Ka auna daga bakinta ka samu om 370. To, ramin yana wajen kilomita 37. Sai dai akwai ƙaya a ciki, domin shi kansa wurin da ya huje yana da tasa turjiyar, kuma ba ta tsayawa wuri ɗaya: reshe jiƙaƙƙe da ya kwanta a kan waya da safe ba daidai yake da busasshe da rana ba. Masu aikin, irin su Cromwell Varley, suka fito da hanyar kauce wa wannan. Sai a haɗa wayar mai aibi da wata lafiyayya a can ƙarshen layi su zama zobe, a kwatanta ɓangarorin biyu kamar yadda ake yi da sikeli, turjiyar ramin ta fita daga lissafin. Har yau masu gyaran wayar jan ƙarfe suna kiran wannan gwaji da sunan Varley.

Labarin 1865 ya fi kowanne daɗi a wurina. Jirgin Great Eastern, wanda ya fi kowane jirgi girma a zamaninsa, ya tashi daga Ailan a watan Yuli ɗauke da sabuwar waya. A cikinsa akwai ɗaki mai duhu inda ma'aikata ke zaune dare da rana suna kallon ɗigon haske a kan ma'auni, na'urar da Thomson ya ƙera mai ɗan ƙaramin madubi. Muddin ɗigon na wurinsa, waya lafiya. Da ya zabura gefe sai a tsayar da jirgi, a lissafa nisan aibin, a jawo wayar daga ruwa har a iso shi. Suka riƙa samun guntun ƙarfe ya soke rigar wayar, har aka fara zargin akwai maƙetaci cikin ma'aikata, aka sa masu gadi. Daga baya aka lura ƙarfen sulken wayar ne da kansa ke karyewa yana sukar ta. Ranar 2 ga Agusta, bayan an shimfiɗa kusan mil 1,200, waya ta tsinke ta nutse a ruwa mai zurfin fiye da mil biyu. Suka yi ta jefa ƙugiya, igiya na tsinkewa, har kayan aikinsu suka ƙare suka koma gida. Allura cikin ruwa, in ji Bahaushe, mai rabo ka ɗauka. Sai dai su ba rabo kaɗai suka dogara da shi ba, sun rubuta wurin daidai. A 1866 jirgin ya shimfiɗa wata sabuwa ta isa ranar 27 ga Yuli, sannan ya koma inda aka rubuta, ya yi makonni yana lalube, ya ciro tsohuwar a farkon Satumba, aka ɗaura mata ragowar. A Ailan kuwa akwai ma'aikatan da suka shekara suna gwada matacciyar wayar kullum. Su ne suka fara ganin ɗigon haske ya soma magana.

Kafin in zo kan gilashi, bari in tsaya a kan wani abu da dattawan Kano da Katsina za su tuna. Rarraba shirye-shirye ta waya zuwa gidaje ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun a shekarun 1930 gwamnatin mulkin mallaka ta fara shi a Legas, Ibadan ta samu a 1939, Kano a 1944. Tasha ɗaya ce ke kamo BBC, ta ƙara da shirye-shiryen gida, ta tura ta waya zuwa akwatunan da aka rataye a gidaje da wuraren taruwa, mai akwati yana biya duk wata. Wannan shi ne kakan talabijin ta waya. Ita kuwa a Amurka ta fara, wajen 1948, a garuruwan da duwatsu suka tare musu siginar tasha, irin su Mahanoy City a Pensilbeniya da Astoria a Oregon. Wani ya kafa eriya a kan tudu ya ja waya zuwa gidajen maƙwabta. A Nijar mun bi wata hanya dabam. Talabijin ta shigo mana ne ta ƙofar lakwal, da shirin koyarwa ta talabijin da aka fara a Yamai a 1964, tun kafin a yi tashar kowa da kowa. Malamai su riƙe wannan, abin alfahari ne da ba a cika faɗa ba.

Ciwon talabijin ta wayar jan ƙarfe shi ne sigina na raunana da sauri. Dole a sa na'urar ƙara ƙarfi bayan kowane 'yan ɗaruruwan mita, kuma a babban gari sai a jera talatin ko arba'in a layi guda. Kowace tana ƙara ɗan ƙazanta a hoton, wanda ke ƙarshen layi ya riƙa kallon yayyafi. In guda ta mutu, duk na bayanta sun mutu. Mai gyara kuwa ya koma irin na zamanin tangaraho, daga turke zuwa turke da tsani.

A 1966 Charles Kao, haifaffen Shanghai, da abokin aikinsa George Hockham, suna aiki a Harlow ta Ingila, suka nuna cewa abin da ke cinye haske a cikin gilashi dattin da ke cikinsa ne, kuma in aka tace shi za a iya aika saƙo da haske ta cikin zare. Mizanin da suka sa shi ne kashi ɗaya cikin 100 na hasken ya tsira bayan kilomita ɗaya. A 1970 mutum uku a kamfanin Corning na Amurka, Robert Maurer da Donald Keck da Peter Schultz, suka ƙetare wannan mizani. Zaren yau sai ya yi wajen kilomita 15 kafin rabin haskensa ya ɓace. Kaurinsa kashi ɗaya cikin takwas na milimita ne, kusan silin gashi, kuma hanyar da hasken ke bi a tsakiyarsa ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Kao ya samu kyautar Nobel a 2009, shekarar da SAT-3 ta bar mu a duhu. Daga ƙarshen shekarun 1980 kamfanonin talabijin ta waya suka fara kai zaren gilashi har cikin unguwa, su bar wa jan ƙarfe ɗan abin da ya rage zuwa gidaje. Dogon jerin na'urorin nan ya ragu zuwa kaɗan.

To amma gilashi ba ya ɗaukar lantarki. Duk hikimar om da zoben Varley ba ta da amfani a kansa. Sai aka koma ga wani abu da kowane yaron karkara ya sani, wato amsa-kuwwa. Ka yi kira a bakin rijiya mai zurfi, muryarka ta dawo, kuma gwargwadon zurfin gwargwadon jinkirin. A 1976 Michael Barnoski da S. M. Jensen suka nuna za a iya yin haka da haske. Ko gilashi ya kai iyakar tsabta, akwai ɗan rashin daidaito a jikinsa da ke watsa haske kaɗan ta ko'ina, wani ya komo baya. Irin watsuwar nan ce ke sa sama ta yi shuɗi. Na'urar da aka gina a kan wannan, wadda masu aikin ke kira OTDR, ni kuma nake ce mata ma'aunin amsa-kuwwar haske, tana harba ɗan gajeren walƙiyar leza cikin zare, sannan ta kasa kunne. Abin da ya dawo rauni gare shi ƙwarai, don haka takan harba sau dubbai ta haɗa sakamakon, ta zana layi a fuskarta.

Karanta wannan layin shi ne sana'ar. Zare lafiyayye yana ba da layi mai gangarowa a hankali, kamar tudu mai sauƙin sauka. Inda aka yi ɗauri, layin ya ɗan yi matakala ƙasa. Inda akwai mahaɗi irin na cirewa da mayarwa, sai ya yi tsini sama, domin fuskar gilashi na mayar da haske kamar madubi. Inda zare ya tsinke, layin ya faɗi gaba ɗaya, bayansa ba komai sai hayaniya. Akwai kuma aibin da ba tsinkewa ba, misali dutse ya danne waya ko wani ya lanƙwasa ta da yawa a cikin akwati. Wannan ana kama shi da gwaji biyu, da haske mai tsawon zango 1310 da mai 1550 a ma'aunin nanomita. Lanƙwasa ta fi cin na biyun, saboda haka in matakalar ta fi zurfi a 1550, mai gyara ya san ba ɗauri ne ya lalace ba, matsi ne.

Ga lissafin, kuma ina roƙon malamai su kwafe shi. Haske a cikin gilashi yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, wato mita 200 a cikin kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa. A ce amsar ta dawo bayan irin wannan kashi 120. Hasken ya yi tafiyar mita 24,000. Amma zuwa da dawowa ne, sai a raba biyu: tsinkewar tana kilomita 12. Shi ke nan. Nisa daidai yake da sauri sau lokaci, a raba biyu. Yaron da ya iya ƙirga daƙiƙa tsakanin walƙiya da tsawa, ya san kowace uku kilomita ɗaya ce, ya riga ya kama bakin zaren.

Yanzu ga inda nake ganin ake yawan yin kuskuren fahimta. Mutane na ɗauka na'ura ce ke gano wuri. Na'ura nisa kawai take bayarwa, kuma nisan cikin gilashi ne, ba na ƙasa ba. Saurin hasken na gaskiya ya fi kusa da kilomita 204,000, kuma in ka sa wannan a misalinmu amsar ta zama kilomita 12 da mita 240. Bambancin ya isa a tone gonar mutum biyu a banza. Ban da haka, zaren ya ɗan fi rigarsa tsawo domin a murɗe yake a ciki, kuma a kowane ramin ɗauri ana naɗe rarar waya mita da yawa saboda gyaran gaba. Layin kuma ba miƙaƙƙe ba ne, yana kauce wa kwalbati, yana zagaye kasuwa. Mai gyara na buƙatar littafin da aka rubuta ranar da aka binne wayar: ɗauri na kaza yana nisa kaza, kusa da alama kaza. Da shi zai ce tsinkewar tana mita 300 bayan ɗauri na bakwai, ya je ya auna daga can. In wanda ya yi aikin farko ya yi ha'inci bai rubuta ba, ko an yi gyara sau biyar ba wanda ya sabunta taswira, na'urar miliyoyin sefa ta zama abin ado. Abin da ya ceci wayar 1865 ke nan, rubutu mai kyau. Ina faɗa wa ɗalibai wannan duk lokacin da suka ga na matsa musu a kan tsabtar kaye da sa kwanan wata.

Layin talabijin yana da nasa ƙarin wahala. Zare ɗaya ne ke fitowa daga tasha, a raba haskensa gida 32 ko 64. In ka harba leza daga tasha, amsar dukan rassan na dawowa a cakuɗe, kamar ka yi sallama a zauren da mutum talatin suka amsa tare. Za ka ga wani abu ya ragu, ba za ka san gidan wa ba. Don haka sau da yawa sai an je an gwada daga wajen mai gida zuwa baya. Kuma ba a son a kashe wa sauran mutane kallo saboda gidan mutum ɗaya, shi ya sa aka ware haske na musamman, mai zango 1625 ko 1650, da ke bi ta cikin layi yana aiki ba tare da ya taɓa hoton ba. Tsohon salon hoton talabijin kuma ba ya jure hasken da ke komowa baya, sai ya yi dishi-dishi, saboda haka ake goge bakin mahaɗinsa a karkace da digiri 8, a yi masa launin kore don kada a haɗa shi da mai shuɗi. Abin dariya, babban mai laifi a irin waɗannan layuka ba ɓarawo ba ne, ƙura ce. Ƙwayar ƙura ɗaya a bakin mahaɗi ta isa ta tare hanyar hasken. Mai aiki a ƙasar da hunturu ke busawa wata uku ya san abin da nake nufi. Ga gajeren nisa kuma akwai wata 'yar fitila mai jan haske da ake cusa wa zare, inda ya karye sai ka ga ja na tsiyaya ta rigarsa. Gargaɗi ɗaya ga yara da manya: kada a leƙa bakin zare da ido. Hasken da ke aiki a ciki ba a ganinsa, amma yana iya ƙona ido.

A teku ma hanyar ɗaya ce, sai dai da ƙari. Wayar teku tana ɗauke da lantarki domin ciyar da na'urorin ƙara ƙarfi da ke jere a jikinta, saboda haka tsohon lissafin turjiya bai mutu ba, ana haɗa shi da na haske a tabbatar da wuri. Sannan jirgi ya je da ƙugiya, kamar a 1866, ya ciro baki ɗaya ya ɗaura masa alama, ya ciro ɗayan, a saka sabon guntu a tsakani. A duniya ana samun irin wannan lalacewa sau 150 zuwa 200 a shekara, mafi yawa daga komar masunta da angar jirage. Jirgin da ya fi yi wa gaɓar Afirka wannan hidima shi ne Léon Thévenin, wanda aka ƙera a 1983, yake zama a Kef Tawun. Shi ya gyara WACS da SAT-3 a farkon 2020, lokacin da laka da yashi daga bakin Kogin Kwango suka zabtare a ƙarƙashin teku suka tsinka su, kuma yana cikin waɗanda suka fita a 2024. Sunan da yake ɗauke da shi na wani injiniyan tangaraho ne na Faransa, wanda ɗaliban lantarki ke haddace ƙa'idarsa ta 1883.

Mu dawo tudu, inda abin ya shafe mu kai tsaye. Zaren gilashi na ƙaruwa a ƙasarmu. A 2016 aka haɗe Sonitel da SahelCom suka zama Niger Telecom, kuma Bankin Raya Afirka ya sa kuɗi a aikin layin da ke ratsa Sahara, wanda rabon Nijar a ciki ya kai kilomita 1,031, har da reshen Damagaram zuwa Magarya zuwa iyakar Najeriya. Ga kuma aikin jirgin ƙasa na Kano zuwa Katsina zuwa Jibiya zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021, wanda ke nufin tono mai yawa a yankinmu. Maƙwabtanmu sun riga mu ɗanɗana abin da ke biyo baya. Hukumomin sadarwar Najeriya sun ce a 2024 kaɗai an tsinka zare fiye da sau 50,000, kuma wajen 30,000 daga ciki aikin hanya ne ya jawo. A wannan shekarar gwamnatinsu ta sa kayan sadarwa cikin jerin kadarorin ƙasa da taɓa su babban laifi ne.

Mu kuma muna da gulbi. Wanda ya san tarihin Maraɗi ya san ambaliyar 1945 ce ta tashi tsohon gari daga fadama zuwa kan tudu. Ruwan da ya iya tayar da birni ba zai ji nauyin wayar da aka binne mita ɗaya ba. Kowace damina kwazazzabai na cin gefen hanya, su bar bututu a fili yana lilo. Yaro mai kiwo ya gani, ya ja, ya sara da adda ya ga abin da ke ciki. Wani babba ya ɗauka jan ƙarfe ne ya yanke ya kai wa mai gwangwan, a can a ce masa ba a saye, domin babu komai ciki sai gilashi da roba. Shi bai samu ko dala ba, gari guda ya kwana ba rezo, mai naƙuda ba a samu kiran mota ba. Kuma a yankin da ke tsakanin dajin Baban Rafi da iyaka, inda matsalar 'yan bindiga ta sa mutane ba sa son tafiyar dare, ba za a ce wa ma'aikaci ya bi layi da fitila yana dubawa ba. Gwargwadon daidaiton lissafinsa, gwargwadon ƙarancin lokacin da zai yi a daji. Shi kansa ɗaurin ba ya daɗewa: a feƙe bakin zaren biyu, a goge, a yanke su tsaf, na'ura ta daidaita su ta narkar da su da tartsatsin lantarki cikin daƙiƙoƙi. Amma waya ɗaya na iya ɗaukar zare 24 ko 48 ko fiye, kowanne da launinsa, kuma sai an bi su ɗaya-ɗaya a cikin tanti saboda ƙura.

Abin da nake roƙon iyaye ba shi da yawa. A nuna wa yara 'yan turakun siminti da ke gefen titi, a gaya musu alama ce ta waya a ƙasa, ba wurin ɗaure akuya ba ne. Mai haƙa tushen gini ko ramin salga kusa da titi, in ya ci karo da leda mai launi shimfiɗe a cikin ƙasa, ya dakata, gargaɗi ce cewa waya na ƙarƙashinta. Wanda ya ga ruwa ya tone bututu ya sanar da mai gari ko ofishin magajin gari tun bai tsinke ba. Yaron da hannunsa ke da natsuwa kuma yake son lissafi, a sani akwai sana'a a nan, kuma ba sai an je Turai ba. Akwai makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, akwai kuma babbar makarantar sadarwa ta ESMT a Dakar, wadda Nijar na cikin ƙasashen da suka kafa ta a 1981. 'Yan mata ma su shiga, ɗaurin zare ido da haƙuri yake so, ba ƙarfin damtse ba.

Malamai kuwa, ga darasin da ba ya cin ko sisi. A samu dogon bango, a auna mita 85 daga gare shi, yaro ya tsaya ya buga katako biyu. Sauti na tafiyar wajen mita 340 a daƙiƙa, zuwa da dawowa mita 170 ne, don haka amsar za ta dawo bayan rabin daƙiƙa. Ya riƙa bugawa a jere yadda kowane bugu zai haɗu da amsar wanda ya gabace shi, wani ya riƙe agogon salula ya ƙirga tazara 20. Za a samu kusan daƙiƙa 10. Washegari a kai su wani bangon da ba a auna ba, a karɓe igiyar awo, a ce su faɗi nisansa.